Za mu Wales a watan Yuli: me za mu ci, wane biki za mu gani?

Tambaya: 'Yata za ta kammala digiri na biyu a Cardiff, ni da mahaifinta za mu je bikin yaye su a watan Yuli, mu yi mako biyu ko uku. Shin mutanen Wales suna da abincinsu na daban da na Ingila? Musulmi zai iya ci? Kuma akwai bukukuwan da za mu kalla a lokacin, ko dai zaman ɗaki za mu yi ta yi har mu dawo?

Amsa: Hajiya, da farko ina taya ki murna, Allah Ya sanya wa karatun albarka, Ya kai ku lafiya. Na daɗe ina zaune a kudancin Wales, kuma raka baƙi yawon buɗe ido na cikin aikina, saboda haka tambayar ta zo gida. E, suna da abincinsu, kuma mafi yawansa za ki iya ci in kin san abin da za ki tambaya. Sai dai ba za ki same shi a manyan gidajen abincin tsakiyar birni ba, domin abin da ake sayarwa a can shi ne dai wanda za ki samu a Landan ko Manchesta. Abincin Wales na talakawa ne ma'aikata: makiyayan tumaki, da mahaƙa kwal, da matan da ke tonon abinci a bakin teku. Inda yake har yau shi ne kasuwa, da ƙananan shagunan shayi na ƙauye, da filin biki. Can nake so ki nufa.

Ƙasar ta duwatsu ce da ruwan sama, ba ta noman alkama sosai ba. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 3, tumakinta kuwa sun kai wajen miliyan 9. Daga wannan kaɗai kin san abin da ke cikin tukunyarsu. Babban girkinsu shi ne cawl, romon naman rago ne da kayan lambu. Ana samun wuya ko kafaɗa mai ƙashi a dafa a kan wuta kaɗan-kaɗan kamar awa biyu, a sauke a bar shi ya kwana. Da safe kitsen ya daskare a sama, sai a kwashe, a mayar da tukunya wuta, a zuba dankalin Turawa da karas da wata saiwa rawaya mai ɗan zaƙi da suke kira swede. A can ƙarshe, saura minti goma a sauke, ake yanka leek a zuba, wata irin albasa ce doguwa mai farin gindi da faffaɗan ganye, wadda suka ɗauka alamar ƙasarsu. Ana ci da burodi da bota da ɗan yankin cuku a gefe. A gidajen da suka riƙe al'ada har yanzu za ki ga akushi da cokalin katako na cin sa. Duk ɗan Wales zai gaya miki wanda ya kwana ya fi daɗi, kuma gaskiyarsa.

Zan gaya miki tun yanzu: babu barkono a ciki, babu tattasai, babu daddawa. Gishiri ne da masoro da ɗanɗanon naman kansa. A cokalin farko harshen Bahaushe zai ce lami ne. Ki ɗan yi haƙuri da shi zuwa cokali na biyar, a nan zaƙin ƙashi da na albasar ke fitowa. In kuma abin ya ƙi, ki barbaɗa yajinki, ba wanda zai ce miki uffan. Yaji busasshe kan wuce a filin jirgi, amma kada ki ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu, domin dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara, ƙwacewa za a yi.

Cawl ɗin da ake sayarwa a gidan abinci galibi ba yankan Musulmi ba ne, wasu ma da naman alade suke haɗa romon. Shawarata ita ce 'yarki ta sayo naman ragon Wales a mahautar halal, ku dafa a gida yadda na kwatanta. Cardiff gari ne da wannan ba wuya. Tun ƙarni na 19, lokacin da tashar jiragen ruwanta ke fitar da kwal zuwa duniya, ma'aikatan jirgi 'yan Yaman da Somaliya suka zauna a unguwar Butetown, suka gina masallacinsu a shekarun 1940, jikokinsu suna nan har yau. A Butetown da Grangetown da kan titin City Road za ki samu mahauta da gidajen abincin halal da masallatan Juma'a. Naman kuma ya cancanci wahalar nema. Ragunan kan tudu ciyawa zalla suke ci, namansu da taushi, ba shi da ƙarni mai yawa, kuma tun 2003 doka ta kare sunan, ba a yarda a kira nama "ragon Wales" ba sai wanda aka haifa aka kiwata a can. Akwai ma wani na musamman daga Gower, wani yankin ƙasa da ya kutsa cikin teku, inda tumaki ke kiwo a fadamar da ruwan teku ke malalewa in ya cika sosai. Makiyayi sai ya duba jadawalin cikar teku kafin ya saki garke, in ruwa ya taso ya koro su tudu. Ciyayin gishirin da suke ci su ke ba naman ɗanɗanonsa, shi ma an kare sunansa a 2021.

Abin da ya fi komai bambanta su da Ingila kuwa a teku yake, kuma a nan mu Malikawa muke da sauƙi, tunda a mazhabarmu abin da ke cikin teku halal ne. Ki ware yini guda ku shiga jirgin ƙasa zuwa Swansea, tafiyar kamar awa ɗaya ce daga Cardiff, ku shiga kasuwarta mai rufi, wadda ta fi kowace irinta girma a Wales. Bama-baman Jamus sun rushe ta a 1941, aka sake buɗe ta a 1961. A tsakiyarta akwai teburan masu sayar da abubuwa biyu da suke tafiya tare. Na farko cockles, wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo biyu, kowane bai fi ɗan yatsa ba, ana dafa su a ɓare a zuba miki a ƙaramin kofi, ki yayyafa ruwan tsami da masoro ki ci a tsaye. Daga yashin bakin tekun ƙauyen Penclawdd ake tono su, in teku ta janye. Shekaru aru-aru aikin mata ne: su fita da jakuna da manjagara da rariya, su tono, su dafa, sannan su ɗora kwando a ka su taka wajen mil 8 zuwa Swansea su sayar. Da kuɗin nan aka riƙe gidaje da yawa a lokutan da mazan ba su da aiki ko suka nakasa a ramin kwal. Har yau da hannu ake tonon.

Na biyun shi ne laverbread, a harshensu bara lawr. Ciyawar teku ce da ake tsinka a jikin duwatsu, a wanke yashinta sau da yawa, a dafa ta sa'o'i har ta narke ta zama baƙin-kore mai yauƙi da sheƙi. Ido ba ya son ta, ba zan ɓoye miki ba. Amma in an kwaɓa ta da garin hatsin ots aka soya ƙananan dunƙule, bayanta ya yi ƙurus-ƙurus, cikinta laushi, ɗanɗanonta na gishiri da teku, abu ne da ba kasafai za ki samu irinsa a wani wuri ba. Tana da sinadarin ayodin da na ƙarin jini, shi ya sa mahaƙa kwal ke karya kumallo da ita. A nan ne sai kin kula, Hajiya: a al'adance da kitsen alade ake soya ta, a kawo ta da yankakken naman alade a faranti ɗaya, da sunan "karin kumallon Wales". Kada ki yi odar wannan. Ki sayi dafaffiyarta da ba a soya ba a kasuwa, a robobi ake aunawa, ku soya da bota a gida, ko ki shafa a gasasshen burodi ki matsa lemun tsami. Wannan ciyawar 'yar'uwar wadda Japanawa ke naɗe shinkafa da ita ce. Wata masaniyar tsirrai, Kathleen Drew-Baker, ta yi bincike a kan wadda ta ɗebo a gaɓar arewacin Wales, ta wallafa sakamakon a 1949, da shi Japanawa suka gano yadda za su noma tasu bayan nomanta ya durƙushe, har suka gina mata abin tunawa a garin Uto.

Abin da na san za ki so tun cizon farko shi ne kayan shayinsu. A kasuwar Cardiff, ginin 1891 mai rufin gilashi, ki bi ƙamshi zai kai ki wajen masu toya Welsh cakes. Fulawa ce da bota da sukari da ƙwai da zabibi da ɗan kayan ƙamshi, a murza a yanka zagaye-zagaye kamar faɗin bakin kofi. Ba a tanderu ake gasa su ba, a kan faifan baƙin ƙarfe mai kauri ake ɗora su, minti uku kowane gefe, mai toyawa tana bi tana juyawa layi-layi, in sun yi ja ta tsame ta birkiɗa a sukari ta zuba miki a jakar takarda da zafinsu. Ki ci a nan take, domin wanda ya huce a leda a babban kanti rabin daɗin ne. Ki dai tambaya ko da bota zalla aka yi, saboda wasu tsofaffin girke-girke suna haɗawa da kitsen alade, kalmar da za ki saurara ita ce lard. Masu sayarwa sun saba da tambayar, ba sa jin haushi. Sai bara brith, burodi mai zaƙi da ake jiƙa busassun 'ya'yan itatuwa a baƙin shayi su kwana kafin a kwaɓa, a yanka shi sirara a shafa bota mai gishiri. Wasu kan ɗiga barasa a ciki, nan ma tambaya ɗaya ta wadatar. Wannan yana jure tafiya, ya yi tsaraba.

Cuku kuwa, nasu na gargajiya shi ne Caerphilly, fari mai ɗan tsami da gishiri, yana marmashewa. Mahaƙa suna son sa domin ɓawonsa na da kauri, ana iya riƙewa da hannu mai baƙin kwal, gishirinsa kuma yana mayar da abin da gumi ya fitar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka tsayar da yin sa, aka karkatar da madara zuwa cukun da ya fi jure ajiya, sai daga baya wasu manoma suka farfaɗo da shi a gonakinsu. Da shi ake yin Glamorgan sausage, wanda babu nama ko kaɗan a cikinsa, cuku ne da leek da garin burodi a soye, kuma shi ne abin da nake fara nuna wa duk baƙon Musulmi a jerin abinci. Welsh rarebit, wato narkakken cuku da mustad a kan gasasshen burodi, yawanci da giya ake dama shi, sai kin tambaya. Garin Caerphilly kansa minti 20 ne a jirgin ƙasa daga Cardiff, kuma akwai katafaren gidan yaƙi na dutse da aka fara ginawa a 1268, mafi girma a Wales, ruwa kewaye da shi, da wata hasumiya da ta karkace ta ƙi faɗuwa. Alhaji zai so wurin.

Yanzu bukukuwa. Kun yi sa'ar wata. In da zan zaɓar muku abu ɗaya tak, Royal Welsh Show ne, babban bajekolin noma da kiwo da ake yi kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, a rabin ƙarshe na Yuli, a Llanelwedd kusa da Builth Wells a tsakiyar ƙasar. An fara shi a Aberystwyth a 1904, ya samu mazaunin dindindin a Llanelwedd a 1963, kuma mutane fiye da 200,000 ke halarta. Duk wanda ya tashi cikin dabbobi ba zai gaji da wurin ba. Za ki ga raguna iri-iri an wanke su an taje, masu su sanye da fararen riguna suna riƙe da haɓarsu, alƙali yana bi yana taɓa gadon baya da cinya yana duba haƙora. Akwai rumfar gasar askin tumaki, inda gwani ke kwantar da tunkiya tsakanin gwiwoyinsa ya sauke mata ulu gaba ɗaya kamar an cire riga, jama'a na ihu. Akwai karnukan kiwo da ke tattara garke da fito kawai. Ranar Laraba ake fito da ingarmun dawakinsu na Welsh cob, mutum yana gudu a ƙasa riƙe da linzami, doki na ɗaga ƙafa, filin ya ɗauki sowa. Sannan ga babban zauren abinci, inda masu cuku da zuma da gishiri da burodi da askirim daga kowane lungu na ƙasar ke ba da ɗanɗano kyauta. A yini guda za ki ɗanɗani abin da sai kin yi wata kina yawo kafin ki haɗa. Da mota kamar awa ɗaya da rabi ne daga Cardiff in hanya ta yi kyau, amma a kwanakin bikin cunkoso ake yi, ku fita da sassafe, ku sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar. Akwai rumfunan giya da yawa, da masu gasa alade a fili, sai ku ratse su. Ku tafi da dardumar salla da guzurinku na nama.

A cikin Cardiff ɗin ma akan yi bikin abinci na kwana uku a bakin ruwa a Cardiff Bay cikin Yuli, shiga kyauta, ya dace da yammacin da ba ku son tafiya mai nisa. Haka gidan tarihi na St Fagans a gefen birni, wanda aka buɗe a 1948, shi ma shiga kyauta ne. Tsofaffin gine-gine fiye da 40 aka kwance daga sassan ƙasar aka sake ginawa a can, da gidajen gona da jerin ɗakunan ma'aikata da kanti da gidan burodi. A nan za ki ga murhu da tukunyar ƙarfe da faifan toya waina irin nasu a inda aka yi amfani da su, sai abincin da kika ci ya zauna miki a kai.

In zamanku ya kai makon farko na Agusta, to ga National Eisteddfod, bikin waƙa da adabi da kiɗa na harshen Wales. Ba shi da gari ɗaya, shekara guda a arewa, mai zuwa a kudu, sai ku duba inda ya faɗo a bana. Suna danganta asalinsa da gasar mawaƙa da wani basarake, Lord Rhys, ya shirya a Cardigan a 1176. Komai a dandalin da harshensu ake yi, amma ana ba baƙi na'urar fassara. Abin da ke taɓa ni a bikin shi ne yadda ake karrama mawaƙi. Kowa da sunan aro yake shiga gasa. A ranar sanarwa sai a kira sunan aron, a busa ƙaho, wanda ya ci ya miƙe daga cikin dubban jama'a, a rako shi dandali. Shugaban majalisar mawaƙa ya zare takobi rabi, ba a taɓa zare shi duka, ya tambayi jama'a sau uku ko akwai zaman lafiya, su amsa da murya ɗaya cewa akwai, sannan a zaunar da mawaƙin a kujerar da aka sassaƙa domin wannan shekarar. A 1917 an kira suna babu wanda ya miƙe. Wanda ya ci, Hedd Wyn, makiyayin tumaki ne daga Trawsfynydd, an kashe shi a fagen yaƙi a Beljiyam kimanin makonni biyar kafin ranar. Aka lulluɓe kujerar da baƙin ƙyalle aka kai gidan iyayensa, tana can gonar har yau ana zuwa gani. Kusan mutum ɗaya cikin shida ne ke jin harshen a Wales, amma riƙon da suka yi masa abin koyi ne. Ki koyi kalma ɗaya, diolch, wato na gode, ki faɗa wa mai sayar da shayi, za ki ga yadda fuskarsa za ta canza.

Akwai waɗanda za su wuce ku, na ambata domin 'yarki ko wata tafiyar. Bikin abinci mafi suna a ƙasar shi ne na Abergavenny, a ƙarshen mako na uku na Satumba. Manoma biyu suka kafa shi a 1999, bayan cutar haukan shanu ta karya kasuwar nama ta sa mutane suka daina yarda da abin da manomi ke kawowa, suka ga mafita ita ce a haɗa mai noma da mai ci ido da ido. Yanzu garin gaba ɗaya ke zama kasuwa, mutane wajen 30,000 a kwana biyu. A arewa kuma, garin Conwy mai ganuwa yana da kasuwar zuma ta yini ɗaya kowace 13 ga Satumba, al'adar da ta haura shekara 700, masu kiwon zuma su jera tebura a babban titi. A tsibirin Anglesey ake dafa gishirin teku na Halen Môn, wannan kam za ki same shi a kantunan Cardiff, kuma ba ya da nauyi a jaka. Da hunturu, wajen ƙarshen shekara, wasu ƙauyukan kudu suna yin Mari Lwyd: samari su ɗauki ƙoƙon kan doki a kan sanda, an lulluɓe da farin zane da ƙararrawa, su bi gida-gida suna waƙa, masu gida su mayar da baiti daga ciki, in baitinsu ya ƙare su buɗe ƙofa su ba da abinci. Duk wanda ya san tashe zai gane abin nan take.

Abu biyu game da Yuli. Ruwan sama ba ya sallama a Wales ko a tsakiyar bazararsu, ku riƙe rigar ruwa da takalmi mai rufi, musamman ranar Llanelwedd inda fili kan zama taɓo. Kuma yini dogo ne ƙwarai, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, asuba kuma tun wajen ƙarfe 3, saboda haka ki karɓi jadawalin salla a masallacin unguwa tun ranar da kuka sauka. Kasuwannin Cardiff da Swansea ba sa buɗewa ranar Lahadi, shagunan shayi na ƙauye kuma da yawansu kafin ƙarfe 5 na yamma sun rufe, sai ku sa yawon cin abincinku da hantsi.